JINYAR ƘARSHE: DAGA DAMIN DAWA ZUWA WANKIN ƘODA

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuka zo nema, to ku yi mini afuwa, wannan makon alƙalamin ya ƙi bin ta can. Ranar Asabar ina kwashe kayan durowar Umma don za a yi wa ɗakin fenti, sai na ci karo da wata baƙar leda an ƙulle bakinta tamau. Ina kwancewa sai ga rasit-rasit na asibiti da na kemis, tun daga watan Fabrairu har zuwa Yuni na 2022, wato jinyar mahaifinmu ta ƙarshe, Allah Ya jiƙansa. Na zauna daɓas a tsakar ɗaki ina jerawa ina lissafi har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Ban ƙarasa ba, don na riga na san amsar. Gonarmu ta gado ce a cikin ledar nan, da sarƙar Umma, da babur ɗin autanmu.

Abin da ya ƙara sa ni jin kunya shi ne, na fi shekara ashirin ina rubuta littattafai, na kashe tsofaffi da yawa a cikinsu, amma ban taɓa rubuta wanda ya biya kuɗin gado ba. A littattafanmu hanya biyu ce. Ko dai tsoho ya tara 'ya'yansa ya yi wasiyya, kafin a juya shafi ya ce ga garinku nan, ko kuwa wani Alhaji mai neman auren jarumar ya ɗaga waya a fita da shi Misra ko Jamus. A gidajenmu na gaskiya babu wannan Alhajin. Shi ya sa na ce bari in bi sawun abin, in ga yadda aka yi jinyar tsoho ta tashi daga hannun dangi ta koma aljihu, ta hanyar rasuwa uku da aka yi a gidanmu.

Ta farko ban gan ta ba, daga bakin kakarmu Iya na ji. Mijinta, wato mahaifin Baba, ya rasu a 1956 a wani ƙauye da ke gabas da Kano, lokacin Baba yana ɗan shekara goma sha biyu. Ciwon kumburi ya yi, ƙafafu da ciki suka cika da ruwa, ya kwanta tun daga kaka har farkon bazara. Iya ta ce wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, aka ba shi kaza. Malamin da ya yi masa rubutu aka kai masa damin dawa. Wani mai magani daga maƙwabcin gari ya kawo saiwoyi aka jiƙa a tukunya, shi kuma ya tafi da ɗan akuya. Iyakar abin da ya fita ke nan, kuma duk daga gonar nan ya fito. Da ya cika aka yi masa sutura, gona tana nan, gandu yana nan, damina na faɗuwa ƙannensa suka shiga da garma.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon zamanin nake yi. Iya da kanta ta ce wata biyar ba ta yi barcin kirki ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shimfiɗa, ita ke dama kunu, ga goyo a baya. Kuɗin jinya a jikin mata yake fita a wancan lokaci, don haka babu wanda ya taɓa lissafa shi. Mutane kuma suna mutuwa da cututtukan da yau allura biyu za ta kore su. A 1960 matsakaicin tsawon ran ɗan Nijeriya bai kai shekara arba'in ba, mafi yawa saboda mace-macen yara, don haka tsofaffin da ake jinya ma ba su da yawa kamar yanzu.

Asibiti kuwa akwai shi tun kafin nan. Tun ƙarshen shekarun 1920 En'e ta Kano ta gina asibitin cikin birni, wanda yanzu ake kira asibitin Murtala, daga baya aka bazu da ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi. Daga baitulmali ake biyan wannan hidima, wato daga haraji da jangalin talakawa. Sai dai hankalin hukuma a lokacin yana kan annoba ne, su agana da sanƙarau da ciwon barci, da yi wa jama'a lamba. Mutanen karkara kuma tsoron wurin suke yi. Na tambayi Iya me ya hana a kai shi birni, ta ce, "'Yar nan, wa zai ɗauki dattijo ya kai inda baƙi za su ga tsiraicinsa, ya zo ya cika babu mai laƙƙana masa kalmar shahada?"

Bayan samun mulkin kai an so a kawo tsarin da jama'a za su riƙa tara kuɗi tun suna da lafiya. A 1962 ministan lafiya na tarayya, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudurin inshorar lafiya a Legas, amma bai samu shiga ba. Aka ajiye maganar, ba ta zama doka ba sai bayan shekara talatin da bakwai. Ana cikin haka kuɗin man fetur ya zo a shekarun 1970, gwamnati ta shiga gina asibitoci, ta kuma ɗauki mafi yawan nauyin magani. Baba a lokacin yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ya sha ba mu labarin yadda a 1977 ya ɗauko Iya daga ƙauye aka yi mata aikin ido, ta kwana tara a gado, ana ba ta abinci ana ba ta magani, shi dai abin da ya tuna ya biya kuɗin kati ne. Daga ranar Iya ta daina tsoron asibiti. Ina ganin ba ita kaɗai ba, a wannan tsakanin ne mutanenmu suka saki jiki da wurin, suka ɗauka hakki ne na gwamnati ta yi wa tsohonsu magani.

Daɗin bai yi nisa ba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. Ranar 31 ga Disamba 1983 da sojoji suka karɓe mulki, cikin dalilan da Birgediya Sani Abacha ya karanto a rediyo har da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Nairar da a 1980 ta fi dala ɗaya da rabi daraja, kafin ƙarshen 1986 sai ka ba da kusan huɗu a ba ka dala ɗaya, kuma yawancin magungunanmu daga waje ake sayo su. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince majinyaci ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani don kada ɗakin magani ya bushe. Ministanmu na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ƙoƙari matuƙa wajen rigakafin yara da kula da masu ciki da ƙananan asibitocin karkara, kuma da gaskiyarsa, don a nan aka fi asarar rayuka. Amma tsoho mai doguwar jinya babu wanda ya yi masa tanadi.

A wannan yanayi aka yi rasuwa ta biyu, ta Iya, a 1991, ina da shekara goma. Shanyewar ɓarin jiki ta samu. Abin da ba na mantawa shi ne 'yar takarda. Kullum nas za ta yago takarda ta rubuta, Baba ya miƙa wa Yaya Babba, ni kuma in bi shi a baya zuwa kemis ɗin da ke bakin ƙofa. Ruwan ƙari, sirinji, auduga, safar hannu, har filasta. Kwana goma sha ɗaya aka yi, albashin Baba ya ƙare, Umma ta ɗauki adashinta ta ba shi. Daga nan Kawu ya ce a mayar da ita gida. A ɗakinta ta cika bayan mako uku, Gwaggo na riƙe da kanta. An ci bashi, amma an biya shi kafin shekara ta zagayo, gona kuma ba a taɓa ta ba. Dalili kuwa, abin da asibiti zai iya yi wa tsohuwa irinta a lokacin bai wuce ƙarin ruwa da allura ba, don haka abin da za a kashe ma yana da iyaka.

Daga nan sai alƙawura suka yi ta zuwa. Asusun PTF na zamanin Abacha, wanda Janar Buhari ya shugabanta, ya zuba magunguna a asibitocin gwamnati, aka rushe shi a 1999. A shekarar ce aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, amma ba ta fara aiki ba sai 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fi amfana. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Uwa da uba ba sa cikin wannan lissafi, alhali a ƙasar Hausa su ne nauyin farko a kan duk mai albashi. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mu da muka karɓi baƙuncin taron, gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa kaiwa ba, yawancin shekaru tsakanin kashi huɗu zuwa shida take yawo. Shi ya sa alƙaluman Bankin Duniya suka daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. 'Yan'uwanmu na zango a Gana sun ɗan fi mu sa'a, don inshorar da aka kafa can a 2003 ta yafe wa wanda ya kai shekara saba'in kuɗin zubi.

A daidai lokacin da gwamnati ke janye hannu, aikin likita kuma ƙara ƙarfi yake yi. Na'urar wankin ƙoda ta zo, ɗakin kulawa ta musamman ya zo, da injin numfashi da hoton ƙwaƙwalwa da maganin daji. A 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu hali suka koyi hanyar Alƙahira da Indiya. Duk wannan alheri ne, ya ceci rayuka da dama, musamman na masu sauran ƙarfi. Amma ya zo da wata tambaya da su Iya ba su taɓa fuskanta ba, wato yaushe za a tsaya, tunda kullum akwai sauran abu ɗaya da za a iya gwadawa in akwai kuɗi.

Wannan tambaya ba talaka kaɗai take damu ba. A Amurka, tun 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a shirin Medicare, wanda ke biya wa 'yan shekara sittin da biyar zuwa sama kuɗin asibiti, a 1972 aka ƙara da masu ciwon ƙoda da ke buƙatar wanki. Da masu bincike suka duba, sai suka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shirin yana tafiya ne a kan mutanen da ke cikin shekararsu ta ƙarshe. Su a can baitulmali ne ke ɗaukar mafi yawa, ana ta muhawara a majalisa da jaridu. Mu a nan babu muhawara, taron dangi ake kira a soro.

Irin wannan taron muka yi a rasuwa ta uku. Baba yana da shekara saba'in da takwas, ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, zuciyarsa ma ta yi rauni. Masaƙar da ya yi wa aiki ta rufe tuntuni, babu fansho babu komai. Da ƙodarsa ta tsaya aka ce sai wanki, kuma ƙa'ida sau uku ne a mako. Wanki ɗaya, in ka haɗa da gwaje-gwaje da allurar ƙarin jini da kuɗin mota, yana lashe kusan albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, wanda a lokacin N30,000 ne. Muka fara da biyu a mako, muka koma ɗaya, muka koma sai an ga numfashinsa ya fara sarƙewa. Kowane wanki sai ya dawo a galabaice, ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. 'Yan dubiya su shigo su ce, "Baba ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Mu ma mu ce da sauƙi. Har ranar da ya rasu da sauƙi muke cewa.

A soron gidanmu Yaya Babba ya kawo maganar gona. Kawu ya yi shiru can ya ce, "Ku dai ku yi tunani, wannan gona ita ce ta rage wa marayun ƙaninku." Yaya ya ce, "Kawu, so kake a ce mun bar ubanmu ya mutu muna riƙe da ƙasa?" Daga nan babu wanda ya ƙara tofawa, har da ni. Wannan kalma ta "kada a ce" ita ta sayar da gonar da ta yi jinyar kakanmu a 1956 ba ta girgiza ba. Kuma wallahi babu wanda ya shiga ɗaki ya tambayi mai gonar. Mako biyu bayan nan ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, ku daina kai ni wurin injin nan, na gaji. Ku bar ni in yi sallolina a ɗakina." Na ce, "Haba Baba, za ka warke da yardar Allah." Ya dube ni kawai ya saki hannuna. Ashe ya ji labarin gonar a bakin jikokinsa.

Sai daga baya wani likita mai tsoron Allah ya ja ni gefe. Ya ce ga matashi ko mai sauran ƙarfi wanki rai ne, ana shekaru a kansa, wani har a yi masa dashe. Amma ga dattijo irin Baba mai raunin zuciya, abin da wanki ke ƙarawa na kwanaki ba lalle ya taka kara ya karya ba, balle wanki na jefi-jefi irin namu. Ya ce akwai wata hanya ta rage masa ruwa da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi da magunguna yana gida. Na ce, "Likita, me ya sa ba a faɗa mana tun farko ba?" Ya ce, "Hajiya, wa ya tambaya? In na fara faɗa ma cewa za a yi na yanke masa ƙauna." A watan Mayun da muke wannan magana ne Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshora ta 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa ta kuma ambaci tsofaffi cikin masu rauni da za a kafa wa asusu. A rediyon wani mai jinya na ji labarin, muna zaune a kan tabarma a barandar asibiti. Baba ya rasu a watan Yuni, a gadon asibiti, da daddare, lokacin an fitar da mu waje.

Hanyar da likitan nan ya ambata ita ma tana da tarihinta. A 1967 wata likita a Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin waɗanda magani ya ƙare musu, aikinsa kashe raɗaɗi da kwantar da hankalin majinyaci da iyalinsa. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a kudancin Nijeriya, ta kai tsarin Yuganda, inda ake dama garin morfin da ruwa a zuba a gora a kai wa majinyaci har gida a kan kuɗi ƙalilan. A 2004 Yuganda ta yarda nas-nas da aka horar su riƙa rubuta wannan magani, don likitoci ba sa isa ƙauyuka. A nan gida asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 kan masu dajin huhu da ya yi nisa ya nuna waɗanda aka haɗa musu da wannan kulawa tun da wuri sun fi samun natsuwa, har sun fi sauran daɗewa da wata biyu da ɗoriya. Malamai ma sun yi magana. A shekarar 1409 ta Hijira kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ba da fatawar cewa idan amintattun likitoci ƙwararru uku suka tabbatar ciwo ya wuce magani, babu laifi a bar ƙoƙarin farfaɗo da majinyaci da na'ura. Kashe majinyaci don a hutar da shi haramun ne, wannan babu saɓani. Barin wahalar da ba ta da amfani kuwa wani abu ne daban, mu ne dai ba mu nemi sani ba.

Ba ina cewa a ƙi kai iyaye asibiti ba ne, Allah Ya kiyaye. Da yawan tsofaffinmu ma ko ƙofar asibitin ba sa kaiwa, saboda babu. Ina murna da na ji a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga N50,000 zuwa N12,000 a wasu asibitocinta, Allah Ya sa ya ɗore ya kuma kai ko'ina. Da a ce ana auna wa Baba jini da suga kyauta tun yana ɗan hamsin, ana ba shi 'yan ƙwayoyin da ba su kai kuɗin wanki ɗaya ba a wata, wataƙila da ƙodar ba ta kai ga haka ba. Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, wanda iyayensa ke raye ya zauna da su tun suna da lafiya ya ji abin da suke so, ko da nauyin baki. In ciwo ya zo, a tambayi likita gaba da gaba, wannan aiki warkarwa zai yi ko jinkiri, kuma me zai rage wa tsohon nan azaba. In za a yi taron soro, a fara shiga ɗaki a ji ta bakin mai jikin.

Da Umma ta shigo ta same ni da takardun nan a baje, ta tsaya ta dube su ta ce, "Ƙona su, ya riga ya yafe muku." Ban ƙona ba. Na mayar da su leda na ƙulle, don akwai wani tsoho a littafin da nake rubutawa yanzu, kuma wannan karon sai na rubuta wanda ya biya. Wanda ya sayi gonar an ce ya yanka ta fuloti-fuloti, ban je na gani ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu ɗora daga inda muka tsaya. Wassalam.